Ma'aunin Harshe ga Wanda Aka Ba Magana a Majalisi

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci harshe guda ɗaya ya yi masa ƙofa biyu, haƙora da leɓɓa, ya halicci kunne biyu ya bar su a buɗe. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, mafi fasahar talikai, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, in ji bawa mai rauni, mabuƙaci ga gafarar Ubangijinsa, mazaunin Ƙafin Maiyaki a ƙasar Kiru: ya ku 'yan'uwana muridai, Allah ya yi muku rahama, na ga zamani ya zo da lasifika a kowane masallaci da waya a kowane aljihu. Abin da yaro ya faɗa da dare a zawiya a Tudun Wada, kafin hantsi an ji shi a Doguwa da Bebeji da birnin Kano. Na ga kuma ana miƙa wa matasanmu magana a wurin maulidi da walima da bayan zikiri saboda daɗin muryarsu, ba a tambaye su abin da za su faɗa ba. Don haka na rubuta wannan 'yar takarda, nasiha ga kaina da gare ku. Abin da take kira gare shi ɗaya ne: magana a gaban jama'a amana ce, ana auna ta tun ba ta fita ba, da mudu uku, watau niyya da dalili da halin masu saurare. Zan fara da laifina, domin kada wani ya zaci mai tsarki ne yake yi masa faɗa.

Fasali na farko, a kan abin da harshena ya aikata

Ku sani, sa'ad da nake saurayi Allah ya ba ni murya da saurin hadda, malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya kan aike ni ƙauyuka in yi wa'azi a madadinsa. Wata shekara da kaka, an gama girbin masara da dawa, na sauka a wani ƙauye na wannan yanki ran kasuwarsu. A garin akwai wani mai awon hatsi wanda a cikin shekara ɗaya ya yi wa gidansa rufin kwano, ya sayi babur. Mai masaukina ya raɗa mini cewa mudu biyu gare shi, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ban tambaye shi ko ya gani da idonsa ba. Da dare aka kunna lasifika, na karanta abin da ya zo na narko a kan masu tauye mudu a cikin Suratul Muɗaffifina, sa'an nan na ce akwai wani rufi a garin nan da yake ƙyalli da gumin marayu, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ban ambaci suna ba. Amma mai zagi a kasuwa ya san da wanda yake, 'yan kasuwa ma sun sani. Jama'a suka ɗauki kabbara, zuciyata ta yi fari, na kwana ina jin na ɗaukaka addini.

Ba a yi wata ɗaya ba mata suka hana 'ya'yansu zuwa rumfarsa, manoma suka juya da buhunansu wajen wani, dangin saurayin da aka ba 'yarsa suka aiko a mayar musu da kayansu. Labari ya kai ga Malam, ya kira ni zaure, ya ce, "Malam ƙarami, ka auna mudunsa?" Na ce, "A'a, Allah ya gafarta Malam." Ya ce, "Wanda ya gaya maka, shi ya auna?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To, kai ne ka tauye mudu. Ka karɓi labari da babban mudu, ka ba shi adalci da ƙarami." Ya haɗa ni da Sarkin kasuwar garin da dattawa biyu, aka ɗauko mudun mutumin aka gwada da na sauran masu awo, aka same shi daidai. Kuɗin rufi kuwa ashe shanu ne na gadon ubansu aka raba, ya sayar da rabonsa.

Malam ya umarce ni in koma wurin da na tsaya, da lasifikar da na yi magana da ita, in ƙaryata kaina. Na koma. Waɗanda suka zo jin gyara ba su kai sulusin waɗanda suka ji ɓarna ba. Mutumin ya yafe mini da bakinsa yana hawaye, amma ciniki bai dawo ba, auren bai ɗauru ba, a ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya koma wata kasuwa. Malam ya hana ni magana a majalisi shekara guda cur. Ran nan na san abin da magabata suke nufi da suka ce magana zarar bunu ce. Abin da zai zo a ƙasa, yawancinsa a wannan shekara ta kurum na koye shi.

Fasali na biyu, a kan mudun niyya

Ka sani, ya ɗan'uwana, farkon abin da ake aunawa shi ne abin da ya tsayar da kai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya wallafa a 1812, cewa ya kan ga mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, in zai fita ga jama'a, ya tsaya kaɗan a gefe yana faɗin wasu kalmomi. Ya tambaye shi, Shehu ya sanar da shi cewa niyya yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Allah alkawarin ihlasi, yana roƙonsa ya fahimtar da mahalarta abin da zai faɗa. Wannan mutum ne da ya fara kira tun wajen 1774 a Degel, yana ɗan shekara 20, bai amince wa zuciyarsa ba ko da ya girma. To, ina ni, ina kai?

Ka duba kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. Yana koyar da ɗalibai 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa, ya iske neman suna da matsayi ne ke motsa ta. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi ko ɗaya, har ya bar Bagadaza ya nufi Sham. Daga baya ya lissafa cututtukan harshe guda 20 a cikin Ihya'u, a cikinsu akwai ƙarya da giba da annamimanci da musu da ƙaƙalen fasaha.

Alamar niyya mai kyau ita ce, idan wani ya faɗi gaskiyar da ka so faɗa, jama'a suka karɓa daga gare shi, ka ji daɗi kamar kai ka faɗa. Alamar ɓatacciya kuwa, ka ji kana jiran kabbara kamar yadda maroƙi yake jiran kyauta. Ni a daren nan kabbara na nema, na kuwa same ta, mai awo ya biya kuɗinta.

Fasali na uku, a kan mudun dalili

Niyya mai kyau ba ta wadatar ba, domin mai kyakkyawan nufi ya kan kashe maras lafiya da maganin da bai sani ba. Lalle sai an auna maganar kanta. Ilmin wannan awo shi ne malamai suke kira manɗiƙi, kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, ɗayan malamai biyu masu tafsirin Jalalaini da ake karanta mana da azumi. Suyuɗi yana hana manɗiƙi saboda asalinsa na waɗanda ba Musulmi ba ne. Almagili yana kare shi, yana ganin ana karɓar gaskiya daga duk wanda ya zo da ita, kuma da gaskiya ake sanin mutane. Shehu Abdurrahmanu, mai littafin Ahalari da kowane almajiri ya fara da shi, shi ne kuma ya wallafa Sullamu a manɗiƙi a shekara ta 941 ta Hijira, yana ɗan shekara 21.

Masu wannan fanni sun kasa hujjar hankali gida 5. Burhani shi ne wanda aka gina a kan yaƙini. Jadali shi ne wanda aka gina a kan abin da ya shahara, ko abin da abokin musu ya sallama. Haɗaba ita ce wadda aka gina a kan zato mai rinjaye da maganar wanda aka amince da shi. Shi'iri shi ne wanda yake motsa rai da siffantawa. Safsaɗa ita ce ƙarya da ta sa rigar gaskiya. Mai wa'azi yana aiki da huɗun farko, kowanne a mahallinsa, da sharaɗin kada ya sayar da zato da kuɗin yaƙini. Ta biyar haramun ce a gare shi.

Ga yadda Malam ya warware mini tawa hujja. Ya ce ƙiyasi yana da muƙaddima biyu da natija, kamar duwatsun murhu uku, in ɗaya ya goce tukunya ta kife. Muƙaddimarka babba ita ce, duk wanda ya yi arziki da sauri mai tauye mudu ne. Ƙarama ita ce, wane ya yi arziki da sauri. Natija, wane mai tauye mudu ne. Ƙaramar gaskiya ce, kowa ya ga rufin. Babbar ƙarya ce, domin mutum ɗaya da ya ci gado ya isa ya rushe ta. Kuma ba ka furta babbar a fili ba, ka ɓoye ta a cikin karin magana, domin da ka furta ta da kowa ya ga tsiraicinta. Karin magana gishirin zance ne, ba ya zama shaida a gaban alƙali. Ayar da ka karanta gaskiya ce a kan masu tauyewa, amma ba ta ce wane yana cikinsu ba, kai ne ka tura shi ciki.

Saboda haka, ya ɗan'uwana, ka riƙe abu uku. Na ɗaya, labarin da ya zo maka ka nemi tabbacinsa, kamar yadda aka umarce mu a Suratul Hujurati, ko da mai kawo shi masoyinka ne, ko da ya zo ta waya da murya da hoto, domin a yau ana yanka murya a haɗa ta da wata. Na biyu, hadisin da ba ka san inda yake ba kada ka jingina shi ga Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, komai daɗinsa, haka nan karamar da ba ka san mai ruwaito ta ba kada ka jingina ta ga wani waliyyi, waliyyan Allah sun wadata daga ƙaryarmu. Na uku, ka saba wa bakinka da faɗin ban sani ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga cikinsu da ban sani ba, wannan bai rage shi da komai ba.

Fasali na huɗu, a kan mudun masu saurare

Idan niyya ta gyaru, magana ta tabbata gaskiya, saura a duba wanda za a ba. Ba a ba jinjiri tuwo, ko da tuwon halal ne. A Suratun Nahli, aya ta 125, an ambaci hanya uku na kira: hikima, da wa'azi mai kyau, da jayayya ta hanya mafi kyau. Alƙali Ibnu Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya fahimci cewa mutane ma iri uku ne, kowane iri da hanyar da take shigarsa. Tun gabaninsa Arisɗo na ƙasar Yunan, wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce abu uku ke sa a karɓi magana: halin mai maganar, da abin da ya motsa a zukatan masu ji, da hujjar da ke cikinta. Na biyun nan shi ne mai hatsari. Tsoro da fushi da tausayi suna hannun mai lasifika kamar wuta a hannun mai ƙona gona. Halal ne ya motsa su zuwa abin da hujja ta tabbatar, amma motsa su domin su rufe rashin hujja ha'inci ne.

Bello ya siffanta majalisin Shehu: ya kan yi sallama ga jama'a da sakin fuska, ya nemi a yi shiru, ya yi musu magana da harshen da suke ji, ba ya ƙosawa da rashin ladabin jahili, in an tambaye shi a tsakiyar magana ya tsaya ya amsa. A zamaninsa akwai ɗalibai da suke tsare talakawa da tambayoyin ilmin tauhidi masu wuya, wanda ya kasa kawo dalili su kafirta shi. Shehu ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana raddinsu, yana kare imanin manomi da makiyayi. Wanda ya tsaya a gaban masu noman shinkafa na Tudun Wada yana jera Larabci ba fassara, kansa yake nunawa.

Ka taƙaita. Abdullahi ɗan Mas'udu ya kasance yana yi wa mutane wa'azi ran Alhamis kaɗai, aka roƙe shi ya yi kullum ya ƙi, don gudun ƙosar da su, ya ce haka Annabi yake kiwon lokaci a gare su. An ruwaito kuma cewa maganar Ma'aiki a rarrabe take, har mai ƙirga zai iya ƙirga ta, kuma ya kan maimaita kalma sau uku domin a gane. Ka tuna a bayan katangar masallaci akwai majinyaci da mai jego da wanda zai yi sammakon gona, lasifikarka tana shiga ɗakinsu ba sallama. Ka tausasa. Annabi Musa da Annabi Haruna an umarce su da magana mai laushi ga Fir'auna. Ba ka fi su ba, wanda ke gabanka bai fi Fir'auna laifi ba. Laifin mutum ɗaya kuwa, in ya tabbata, a zaure ake gaya masa, daga kai sai shi.

Fasali na biyar, a kan ladabin saɓani

Lalle za a saɓa maka, kai ma za ka saɓa wa wani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambata a cikin Tazyinul Waraƙati, na 1813, cewa a lokacin da suke yawon wa'azi a Zamfara wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da baitoci yana zargin Shehu da barin mata suna halartar majalisi tare da maza. Shehu ya sa Abdullahi ya amsa. Amsar ba ta taɓa mutuncin Gwani ba. Ta musanta cewa ana cakuɗuwa, sa'an nan ta auna ɓarna biyu, ta nuna barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi girma, kuma ana ture babbar ɓarna da ƙarama. Haka Shehu ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a mas'alar kafirta mai saɓo, ya bayyana abin da yake gani daidai, bai fasa girmama shi da yabonsa ba.

Sharaɗin musu na gaskiya shi ne ka faɗi maganar abokin saɓaninka yadda in ya ji zai ce haka nake nufi, sa'an nan ka amsa ta. Wanda ya ƙaga wa abokinsa maganar da bai faɗa ba ya rushe ta, ya yi kokawa da inuwa. Wanda ya bar mas'ala ya koma kan asalin mutum ko ƙabilarsa ko ɗariƙarsa, ya shaida wa kansa cewa hujjarsa ta ƙare. Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a birnin Kano: Muhammadu Marwa, wanda yawan tsinuwa a wa'azinsa ya sa aka yi masa laƙabi da Maitatsine, fitinarsa ta watan Disamba 1980 ta ci rayuka fiye da 4,000. Da baki aka fara ta, baki kuwa shi ke yanka wuya.

Hatima

Ya ku 'yan'uwana, misalin harshe yana kusa da mu a ƙasar Bebeji. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, tana riƙe ruwa, ana sakinsa da gwargwado ta magudanai, ya shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura. Madatsar Bagauda kuwa ta ɓalle a daminar 1988, ruwa ya tafi da gidaje da gonaki. Ruwan iri ɗaya ne, bambancin yana ga riƙo. Wuridin da kuke yi safe da yamma horon harshe ne, domin harshen da ya saba da ambaton Allah da salatin Annabi ya ji kunyar cin naman bawansa. Wanda ya tashi daga halƙar zikiri ya karɓi lasifika ya yanki mutuncin Musulmi, ya zubar da abin da ya tara tun bai kai gida ba.

In an miƙo maka magana, ka tsaya kaɗan a gefe yadda Shehu yake tsayawa, ka tambayi ranka: don wa na tashi? Abin da zan faɗa, na sani ne ko na ji ne? Waɗannan mutane za su gane shi, zai amfane su? Akwai wanda zai kwana da kuka saboda shi ba da hakki ba? Zan iya maimaita shi a gaban wanda ya shafa, da gaban Ubangijina? In amsa ta yi kyau, ka yi bisimilla ka faɗi gaskiya ko da ɗaci gare ta, kada tsoron mai mulki ko mai dukiya ya hana ka, domin yin shiru a inda magana ta wajaba shi ma cin amana ne. In amsa ba ta yi kyau ba, ka miƙa wa wanda ya fi ka, babu kunya a ciki. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka gyara shi a wurin da ka yi shi, da muryar da ka yi shi, tun mai hakki yana da rai.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan takarda ko aka karanta masa ya sa mai awon nan a addu'a, shi da zuriyarsa, ya roƙa mini gafara, ni da iyayena da malamaina. Ya Allah ka tsare harsunanmu daga ƙarya, da zukatanmu daga riya, ka sa ƙarshen maganarmu a duniya ya zama kalmar shahada. Abin da ya yi daidai daga Allah ne, abin da ya karkace daga gare ni ne. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Amin.